Kunnen Bappayo

Asabar, Bolari, rana ba ta hau katanga ba.
Na turo shi daga rumfa, jan babur mai ƙirjin zakara,
na kafe shi gindin darbejiya,
na shimfiɗa kwalin taliya
don kada Goggo ta ga ɗigon mai a simintinta.

Bappayo ya riga ni fitowa.
Yana kan kifaffen turmi, sanda tsakanin gwiwoyi,
fuskarsa na bin ƙarar sufana.
Shekara uku da idonsa ya rufe,
a hankali, kamar shagon da ciniki ya guje wa.
Da hannunsa ya ba ni makulli:
"Ka hau. Amma kada bakanike ya taɓa min shi."

"Tada shi tukuna," in ji shi.
"Mai mai sanyi ba ya son fita.
Kai ma sai ka sha shayi."
Na tada, kajin maƙwabta suka watse.
Na kashe, na kwanta rigingine,
notin ƙasa, lamba goma sha bakwai,
ya ƙi, na ciji leɓe, ya yarda.
Mai ya tsiyayo cikin tsohon kwanon sha,
baƙi wuluk, da ɗuminsa,
hanyar Kumo da ta Dadin Kowa duk suna ciki.
Ya miƙo yatsa na ɗiga masa.
Ya murza, ya shinshina.
"Ka zarce da kilomita ɗari huɗu."
Na yi shiru. Ɗari biyar ne.

Sai sarƙa.
Kananzir a gwangwanin madara,
tsohon buroshin haƙori da ya yi ritaya,
gaɓa bayan gaɓa, ina juya taya da gwiwar hannu.
"Danna tsakiyarta. Yatsa biyu, kada ta fi, kada ta gaza.
In ta yi tauri ta ci haƙori,
in ta saki ta ci mutum."

Washa ta ɓace.
Ƙaramar aba, ba ta kai kwabo ba,
amma ta tsai da maza biyu rabin sa'a.
'Yarsa Dudu ce ta tsinto ta a bakin rariya,
ta ce ladanta ita za ta riƙe mazurari.
Sabon mai ya gangara kamar zuma,
ta lasa leɓe, uban ya ce, "Na ji ki."

Iska a taya. Birki, gaba da baya.
Matatar iska na kaɗe a jikin turmi,
ya yi atishawa, ya zage ni kaɗan.

Na sake tadawa. Ni dai lafiya na ji.
Ya karkata kai, ya ɗaga hannu:
"Akwai mai magana a baya."
Na ce babu. Ya ce akwai.
Na rantse. Ya ce in bar rantsuwa in duƙa.
Noti ne na salansa, ya kwance zagaye biyu,
yana kakkarwa kamar haƙorin tsoho.
Na ɗaure shi ban ce komai ba.
Shi ma bai ce ba, wannan ya fi ciwo.

Ya tashi, ya laluba, ya ɗora tafi a kan tanki,
ya daɗe,
kamar mai jin zazzaɓin yaro.
Na zaci sallama zai yi masa ya koma ɗaki.

"Ina hular kwanon?" ya ce.

Goggo ta leƙo, ta koma da salati.
Muka fita ta Liji, hannuwansa a cikina,
rigarsa na faɗa da iska.
Ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.
Ya kawo baki kusa da kunnena,
yana dariya, yana ƙirga giya:
"Ta uku ce wannan.
Sa ta huɗu, matsoraci, hanya a buɗe take.
Ina jin ta."